Yadda Tabar Wiwi Ta Shigo Birnin Zazzau

Tabar wiwi baƙuwa ce a ƙasar Zazzau. Mutanen da suka rayu cikin ganuwar birnin nan kafin zuwan Turawa sun san goro, sun san taba ta sha da ta shaƙa, matansu sun san furen taba da ake goga wa haƙora. Sun san burkutu a gidajen Maguzawa na karkara, sun kuma san zaƙami, wanda tun yaro yana ƙarami ake ja masa kunne kada ya kusanci 'ya'yansa. In igiya suke so, ga rama a gefen gona. In tufafi ne, ga auduga, wadda ƙasar nan ta yi suna wajen nomanta da saƙarta da rininta. Ganyen wiwi kuwa bai shiga lissafin manomi ba, bai shiga jakar mai magani ba. Malaman unguwar Kona da na unguwar Juma sun san hukuncinsa ne a littafi, a matsayin mas'alar mutanen wasu ƙasashe. Yau ga shi, cikin shekarun da ba su cika ɗari ba, ya zama abin da iyaye ke kwana da shi a rai tun daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, ana kuma muhawara a Abuja ko lokaci ya yi da za a halatta shi. Duk wanda zai sa baki a wannan muhawara, ya kamata ya fara sanin hanyar da abin ya biyo.

Asalin tsiron daga tsakiyar Asiya ne. Sinawa sun yi dubban shekaru suna tufka igiya da ɓawonsa, suna cin 'ya'yansa, Indiyawa kuma suka sa shi cikin magungunansu da bukukuwansu. A ƙasashen Musulmi, a ƙarni na 13 ya yi kaka-gida da sunan hashish, musamman a Masar da Sham, inda talakawa da wasu masu da'awar sufanci suka rungume shi saboda arharsa. Ibnul Baiɗar, masanin tsirrai mutumin Andalus wanda ya rasu a 1248, ya gan shi a lambunan Masar, ya bayyana cewa yana bugarwa ƙwarai, kuma yawan cinsa kan kai mutum ga taɓin hankali. Sarki Baibars ya hana shi tare da giya. Masanin tarihi Maƙrizi ya kawo labarin wani amiri, Sudun Shaikhuni, wanda wajen 1378 ya sa aka tuge shukar, aka kuma riƙa cire wa masu cinta haƙora. Ba a daɗe ba abin ya dawo, har ya fi da.

Abin da ya fi jan hankalina a wancan zamani shi ne yadda malamai suka tsaya suka auna lamarin, ba su yanke masa hukunci da ka ba. Limaman mazhabobi huɗu ba su yi magana a kansa ba, domin bai bayyana a zamaninsu ba, sai na baya suka yi ijtihadi. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya ce hukuncinsa hukuncin giya ne, a yi wa mai shansa haddi. Shihabuddin Ƙarafi kuwa, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1285, ya kasa abubuwan da ke taɓa hankali gida uku a littafinsa Alfuruƙ. Akwai mai sa maye, wanda ke gusar da hankali tare da nishaɗi da jin ƙarfi, kamar giya. Akwai mai ɓata hankali ba tare da wannan nishaɗi ba. Akwai kuma mai kwantar da mutum ya daina ji da gani. Ya sa hashish a gida na biyu: haramun ne a sha abin da zai ɓata hankali, amma hukuncinsa ladabtarwa ce gwargwadon yadda alƙali ya gani, ba haddi ba, kuma shi ganyen ba najasa ba ne. Shehu Abdullahi Manufi, malamin Shehu Halil mai Muhtasar, bai yarda da haka ba. Hujjarsa ita ce ya ga masu shansa suna sayar da abin hannunsu don su same shi, kuma mutum ba ya yin haka sai don abin da ke ba shi daɗin maye. Wannan saɓani yana nan cikin sharhohin da ake karantawa a zaurukanmu har gobe. Babu ɗayansu da ya halatta shan ganyen don holewa. Amma sun bambanta tsiro da amfani da shi, sun bambanta magani da shaye-shaye, sun kuma bambanta haramci da nau'in hukunci. Muhawararmu ta yau ba ta kai tasu natsuwa ba.

Duk da fataucin Sahara, duk da alhazan da suka riƙa ratsa Masar, ganyen bai kafu a ƙasar Hausa ba. Taba ce ta ƙetaro wajen shekarar 1600, har Shehu Ahmad Baba na Tumbutu ya yi rubutu yana ganin halaccinta, wasu malaman suka ja da shi. Ita wiwi ta teku ta zo. A ƙarni na 19 bayin da aka ƙwato daga jiragen masu fataucin mutane, waɗanda asalinsu daga yankin Kongo da Angola ne, aka sauke su a Saliyo da iliminta. Daga can ma'aikatan jiragen ruwa suka riƙa yawo da ita tashoshin gaɓar teku, har Legas.

Doka ma ta riga ganyen isowa Arewa. A taron Janeba na 1925, wakilan Masar suka matsa sai da aka sa wiwi cikin jerin abubuwan da ƙasashe za su sa wa ido tare da ofiyom da hodar iblis. Ingila ta sa hannu, don haka a 1935 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar miyagun ƙwayoyi a Nijeriya, wadda ta hana noma ganyen da sayar da shi. An kafa ta ne don cika alkawarin da aka ɗauka a Turai, a lokacin da mafi yawan mutanen Zazzau ba su taɓa ganin tsiron ba.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya kawo zancen har ƙofar gidanmu. Tun 1924 aka kafa Daffo a Zariya, inda ake horar da kuratan soja. A zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru an ɗebi samari da yawa daga ƙasar Hausa da sauran lardunan Arewa, aka zuba su cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka tura su Indiya, daga can suka shiga dazuzzukan Bama suna yaƙar Japanawa daga 1943 zuwa 1945. Bataliyoyi uku na Nijeriya sun shiga cikin mayaƙan Chindit da aka jefa bayan layin abokan gaba a 1944, abin da ya sa har yau barikin Zariya ke ɗauke da wannan suna. A Indiya ganyen ba abin ɓoyo ba ne, a shaguna masu lasisi ake sayar da shi. Labarin da ya fi yaɗuwa, wanda likitocin Nijeriya na farko suka rubuta, shi ne cewa waɗannan sojoji ne suka dawo da ɗabi'ar da kuma irin shukar. Akwai gaskiya a ciki, amma ɗora musu laifin duka zalunci ne. Matuƙan jirgin ruwa sun riga su, kuma mutumin da ya kwana cikin laka da zazzaɓi, ya ga an kashe abokansa a ƙasar da bai san sunanta ba, aka sallame shi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ba shi ne ya kamata a fara tuhuma ba.

Yadda garin Zariya ya kasu ya taimaka wa abin. Turawa sun bar birni ga Sarki da alƙalansa, suka kafa Sabon Gari kusa da tashar jirgin ƙasa don baƙi, Tudun Wada kuma tana tsakani. Giya tana da wurinta a Sabon Gari da bariki. A cikin ganuwa kuwa, wanda aka kama da ita ya gamu da dogarai da 'yan doka, kuma kundin dokokin laifuffuka na Arewa da ya fara aiki a 1960 ya hana Musulmi shanta. Giya tana da kwalba, tana da tsada, tana sa tangaɗi, ba ta ɓoyuwa. Wiwi kuwa ƙulli ɗaya ne a aljihu, kuɗinsa kaɗan, kuma wanda ya sha zai iya wucewa ta gaban mahaifinsa ya gaishe shi. Ga shi zuƙar hayaƙi ta riga ta zama ruwan dare, tunda kamfanin taba ya buɗe masana'antar sigari a Zariya a ƙarshen shekarun 1950, manoma kuma suna noma masa ganye. Yaron da ya iya riƙe karan sigari bai da sauran abin koyo. Ta haka abin da tsaron birni ya hana giya, wiwi ta samu, ta bi tashoshin mota da 'yan kamasho da yaran mota, ta gangaro kangwaye da bakin ganuwa da kududdufai.

Bayan samun 'yancin kai, manoman kudu maso yamma suka gano cewa ganyen yana yin kyau a dazuzzukansu, kuma akwai masu sayensa a Ingila. Likitocin ƙwaƙwalwa suka fara ganin sakamakon a asibiti. Dakta Tolani Asuni na asibitin Aro da ke Abekuta ya wallafa bincikensa a 1964, Farfesa Adeoye Lambo ya biyo baya a 1965, dukansu suna magana kan samarin da ake kawowa hankalinsu a gushe. Da sojoji suka karɓi mulki a 1966, gwamnatin Janar Ironsi ta fitar da doka ta 19, wadda ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga wanda ya noma, da ɗaurin aƙalla shekara 10 ga wanda aka kama da ita ko yana sha. Shekara goma saboda naɗi ɗaya. Da tsananin hukunci yana kashe wannan ciyawa, da a nan tarihin ya ƙare.

Abin da ya biyo baya shi ne yaƙin basasa. Rundunar soja da ba ta wuce mutum dubu 10 ba ta kumbura ta kai wajen dubu 250 kafin 1970, Daffo tana ta yaye kurata cikin gaggawa. Yaƙi ya ƙare, kuɗin fetur ya shigo, makaɗan zamani suka mai da ganyen alamar wayewa da bijire wa hukuma. An kama Fela Kuti a kansa a Legas a 1974, kamun da ya ƙara masa farin jini a wurin samari. A 1975 gwamnati ta sassauta, ta cire hukuncin kisa, ta mai da hukuncin mai sha ɗaurin wata shida ko biyan tara. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sake tsanantawa, a watan Afrilun 1985 kuma aka harbe mutum uku a Kirikiri kan safarar miyagun ƙwayoyi. Janar Babangida ya soke kisan a 1986, sannan ya kafa hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da doka ta 48 ta 1989. A zamanin Abacha, lokacin da Amurka ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da ba su ba da haɗin kai wajen yaƙi da ƙwaya, aka ɗora Janar Musa Bamaiyi kan hukumar, aka shiga dazuzzukan Ondo da Edo da Delta ana ƙona gonaki. Ana ƙonawa, ana sake shukawa, domin farashin koko ya faɗi, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya manoma, kuma babu amfanin gonar da ke kawo kuɗi kamar wannan. Har yau daga waɗancan dazuzzuka mafi yawan abin da ake sha a Arewa ke tasowa, a ɓoye cikin manyan motoci.

Mu kuma a nan, a daidai wannan lokaci ne ƙofofin aiki suka riƙa rufewa. Jirgin ƙasa ya tsaya. Masaƙun Kaduna, waɗanda audugar Zazzau da Funtuwa ke ciyarwa, suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, babbar masaƙar KTL a 2002, UNTL a 2007. Saurayin da kakansa marini ne ko masaƙi, ubansa ma'aikacin reluwe, shi sai ya tashi ba sana'ar gado, ba ta zamani. Da siyasa ta dawo a 1999, ta sami waɗannan samari a zaune a majalisa. Kowa a garin nan ya san abin da ake raba wa 'yan bangar siyasa a daren taro, ya kuma san wanda ke zuwa belinsu in an kama su. Wannan shi ne ɓangaren tarihin da ya fi ci mini rai, domin masu hawa mumbarin taro suna la'antar shaye-shaye, a cikinsu akwai waɗanda kuɗinsu ne ke sayen ƙullin. Wiwi kuma ba ta zauna ita kaɗai ba. Sholisho ya zo, roci ya zo, tramol da kodin suka biyo, har abin ya shiga ɗakunan matan aure.

Sai a watan Janairun 2019 aka sami ƙididdiga ta ƙasa baki ɗaya, wadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi. Ta nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abin maye, ban da giya da taba, a cikin shekara guda. Miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. A Arewa maso Yamma kashi 12 cikin 100 ne, wato wajen mutum miliyan 3. Cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye, ɗaya mace ce. Wannan shi ne girbin shekara 84 na hani, in aka ƙirga daga dokar 1935.

A shekarar nan ta 2019 ne kuma asirin gidajen mari ya tonu. An fara da Rigasa a Kaduna a watan Satumba, inda aka fito da mutum fiye da 300, sai Daura da Katsina, sannan a watan Oktoba aka zo Zariya, aka fito da mutum 11, wasu da sasari a ƙafa da tabon duka a jiki. An rufe wuraren, kuma daidai ne a rufe su. Amma a tuna da waɗanda suka kai yaran nan. Iyayensu ne, da kuɗinsu, suna kuka. Uwar da ɗanta ya sayar da tukunyarta, ya zare wa ƙanensa wuƙa, ba ta da inda za ta nufa. Asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna yana da sashen masu shaye-shaye, asibitin koyarwa na Shika yana da likitocin ƙwaƙwalwa, amma gadajen kaɗan ne, kuma duk ƙasar nan mai mutum fiye da miliyan 200 likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba. Dokar da ke kula da masu taɓin hankali ma ta 1958 ce aka yi ta amfani da ita, sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwa.

To me ilimin likita ya gano game da ganyen kansa? A 1964 Raphael Mechoulam da abokin aikinsa suka ware sinadarin THC, wanda shi ne ke bugarwa. Bayan shekara ashirin da wani abu aka gano cewa jikin ɗan Adam yana da wasu mazaunai a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi waɗanda wannan sinadari ke kamawa, kuma jiki da kansa yana ƙera irin nasa don daidaita ci da barci da jin zafi da ajiye tunani. Wannan ne ya sa ganyen ke iya zama magani, shi ne kuma ya sa yake iya ɓarna. Amfanin da aka tabbatar yana nan, ba a musunsa. Tun 1985 Amurka ta amince da maganin da aka yi da THC don tsayar da aman masu ciwon daji da ke karɓar ƙwayoyin kashe cutar. Babban nazarin da cibiyar kimiyya ta Amurka ta fitar a 2017 ya tabbatar da cewa yana rage daɗaɗɗen ciwon jiki ga manya, yana kuma sassauta ƙagewar gaɓoɓi a wata cutar jijiya. A 2018 aka amince da Epidiolex, wanda aka yi da ɗaya sinadarin, CBD, marar bugarwa, don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu tsanani da sauran magunguna suka gaza a kansu. Duk wanda ya taɓa ganin yaro yana faɗuwa sau da yawa a yini ba zai raina wannan ba. Sai dai waɗannan duka magunguna ne da aka tace, aka auna, likita ya rubuta. Ba su da alaƙa da naɗin da ake miƙawa hannu zuwa hannu a bayan makaranta.

Illar kuwa ta fi faɗa wa irin mutanen da suka fi yawa a garinmu, wato matasa. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Cikin masu sha, kusan ɗaya cikin goma kan kamu har ya kasa bari, amma ga wanda ya fara tun yana ɗan shekara goma sha, ɗaya ne cikin shida. A ƙasar Suwidin an bi sawun kuratan soja fiye da dubu 45 har shekara 15, aka wallafa sakamakon a 1987: waɗanda suka sha fiye da sau 50 sun ninka marasa sha sau shida wajen kamuwa da ciwon hauka mai tsanani. Wani binciken na 2019 a biranen Turai da Burazil ya nuna mai sha kullum ya ninka sau uku, in kuma ganyen mai ƙarfi ne, kusan sau biyar. Ba kowane mai sha ke haukacewa ba, shi ya sa saurayi zai nuna maka wani dattijo ya ce ga shi nan lafiya lau. Amma ba wanda ya san ko yana cikin masu raunin sai bayan ta faru. Ban da wannan akwai tari, da mantuwa, da mutuwar zuciya ga karatu da sana'a, da haɗarin mota da na acaɓa. Kuma abin da ake sha yau ba irin na tsofaffin sojan Bama ba ne. A Amurka ƙarfin THC a ganyen da ake kamawa ya tashi daga wajen kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kashi 12 a 2014. Yanzu ga wanda ake kira Loud da ake shigowa da shi daga waje, ga Colorado, wanda sau da yawa sinadarin roba ne aka fesa wa busasshen ganye, mai kai yaro ƙasa yana shure-shure.

Duk da haka duniya ta juya. Urugwai ta halatta a 2013, Kanada a 2018, Jamus ta sassauta a 2024. A Afirka, Lesoto ta fara ba da lasisin noma don magani a 2017, kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta halatta sha a cikin gida a 2018, Maroko ta halatta noma don magani da masana'antu a 2021, Gana ta buɗe ƙofa ga nau'in da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 ba. Ranar 2 ga Disamba, 2020, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire wiwi daga jerin mafi haɗari da ƙuri'a 27 kan 25, Nijeriya tana cikin waɗanda suka ƙi. A gida, marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu na Ondo ya je Tailan a 2019 ya dawo yana kira a bar jiharsa ta noma don magani da fitarwa waje. 'Yan Majalisar Wakilai irin su Benjamin Kalu da Miriam Onuoha sun kawo ƙudurori, amma a watan Maris na 2023 zauren ya ƙi barin maganar ta wuce. Shugaban NDLEA tun 2021, Janar Buba Marwa, wanda shi ma a makarantar soja ta Zariya ya yi karatu, ya tsaya kai da fata cewa ba za a halatta sha ba.

Masu neman a halatta suna da hujjojin da bai kamata a yi watsi da su ba. Sun ce hani bai hana ba, sai dai ya azurta dillalai, ya cika gidajen yari da talakawa, ya hana marasa lafiya magani. Tarihin da na zayyana ya ba su gaskiya a kan wannan. Inda na rabu da su shi ne zaton cewa za mu iya buɗe kasuwa mu kuma tsare ta. Kodin da tramol halattattun magunguna ne, masu rajista, waɗanda doka ta ce sai da takardar likita, amma sun malalo daga shagunan magani har sai da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan rahoton BBC ya kunyata mu. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa yaro sigari, ta hana sayarwa kara-kara, amma je ka teburin mai shayi ka gani. Tailan, wadda ta fi mu asibitoci da ma'aikata, ta saki abin a 2022, shaguna dubbai suka buɗe, a 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita. Maganar arziki ma a bi ta a hankali. A Lesoto tsadar lasisi ta sa kamfanonin waje ne suka kwashe, ƙaramin manomi yana nan a ɓoye kamar da. In kuwa zare da igiya ake nema, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta daɗe tana aiki kan auduga da rama, masaƙun da za su saya ne babu.

Ra'ayina shi ne a raba maganar nan gida uku, kamar yadda malaman can baya suka raba. Buɗe shagon wiwi don holewa a gari irin Zariya, inda rabin jama'a yara ne kuma gadon asibiti ya yi ƙaranci, ganganci ne, addininmu ma bai ba da wannan ƙofa ba. Magani kuwa a bar masana su yi aikinsu. Jami'ar Ahmadu Bello tana da tsangayar harhaɗa magunguna, garin nan ya san wannan fanni tun makarantar haɗa magani ta 1930, kuma cibiyar bincike ta Abuja ta taɓa fitar da Niprisan na masu sikila daga tsirran gida. A ba su izini ƙarƙashin idon NAFDAC da NDLEA, don yaro mai farfaɗiya da mai ciwon daji a Shika su sami abin da takwarorinsu na waje ke samu. Na ukun shi ne yaron da aka kama da ƙulli ɗaya. Dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga mai mallaka ko mai sha, a ƙasar da kusan biyu cikin uku na mazauna gidajen yari jiran shari'a suke yi. Yaron da ya shiga da wiwi yakan fito da sanin manyan ɓarayi da tabon da zai hana shi aiki da aure. Wannan hukunci a mai da shi kan dillali da mai safara da ɗan siyasar da ke saye yana rabawa. Shi mai sha a ba alƙali ikon tura shi wurin magani da koyon sana'a.

Ina roƙon Mai Martaba Sarkin Zazzau da hakimai da masu unguwanni da limaman birni su matsa wa gwamnatin jiha ta gina wurin jinyar masu shaye-shaye a cikin Zariya, mai likita da malamin addini da mai koyar da sana'a, wanda talaka zai iya biya. Kai kuma uban da ya tsinci ƙulli a aljihun ɗansa, kada kunyar maƙwabta ta sa ka yi shiru, kada kuma fushi ya sa ka kai shi inda za a sa masa mari. Ka kama hannunsa ku tafi Shika ko Barnawa tun yana gane ka.